Jawabi Kan Wata Lalurar Mata Da Ake Ɗauka Juyanci Ce

 

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu mata suna aure ko aiki a yankunan masana'antu na Sharaɗa, Chalawa da Bompai, kuma ƙorafin rashin haihuwa yana yawan iso mu. Sau tari, kafin a kai yarinya asibiti an riga an sa mata suna juya, dangin miji sun fara zancen saki. Alhali kuwa akwai lalurar ma'ajiyar ƙwan mace, wadda likitoci suka daɗe suna kira PCOS, da ke hana ƙwai nuna a kan lokaci. Likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a Amurka a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar mata 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma akasarinsu ba su san suna ɗauke da ita ba.

Alamominta su ne tsallaken al'ada, gashi a haɓa, ƙuraje, wani lokaci da duhun fatar wuya. Abin da muke so a lura da shi shi ne, ba a mahaifa matsalar ta tsaya ba. A jikin mafi yawansu sinadarin insulin ba ya aiki sosai, sai jiki ya riƙa ƙara shi, shi kuma ya tayar da sinadarin maza. Ta nan ciwon suga ke samun ƙofa. Wadda ta kwana a bakin inji, barci bai ishe ta ba, ta karya da burodi da lemon kwalba, tana ƙara wa wutar itace ne. Ba laifinta muke gani ba. Abin da ke ƙofar kamfani ke nan.

Lalurar ba ta warkewa ɗungurungum, amma ana shawo kanta. Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, al'ada kan daidaita. Likita kan ba da metformin, ko letrozole ga mai neman ciki, kuma da yawa sun haihu. Wadda ta wuce wata 3 ba al'ada, ba ciki, kada ta zauna.

Muna roƙon mazajen su raka matansu wurin likitan mata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala, a gwada su duka biyun. Muna kuma ba kwamiti shawarar ya ware wani abu daga asusun taimako domin kuɗin hoton ciki da gwajin suga.