Waɗanda suka riƙe wa Ingila bindiga: daga Washington zuwa Bebeji

Daga nan Saji nake magana, kuma yau za mu yi nisa, amma za mu dawo kusa da gida.

A ranar 18 ga Yuni, 1812, Amurka ta shelanta yaƙi a kan Ingila. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne jiragen yaƙin Ingila na tare jiragen Amurka a teku, su kwashe ma'aikatan jirgi su tilasta musu aikin soja. Lokacin fa jiragen yaƙi ba su da inji. Jirgi na katako ne, iska ke tura shi, igwa a jere a gefensa. Ingila na da jiragen yaƙi sama da 500, na Amurka ko 20 ba su kai ba. Duk da haka a watan Agusta na shekarar, jirgin Amurka Constitution ya ragargaza Guerriere na Ingila. Har gobe Amurkawa na alfahari da wannan. Amma gaskiya bai sauya komai ba, domin Ingila ta datse tashoshin ruwansu, kasuwanci ya tsaya cik.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. A watan Afrilu 1814 kwamandan ruwan Ingila, Alexander Cochrane, ya fitar da sanarwa cewa duk mai son barin Amurka ya zo, za a karɓe shi, ko ya shiga soja ko a kai shi wani wuri ya zauna a matsayin ɗa. Kowa ya san da wa yake: bayi baƙar fata da ke gonakin Amurkawa. Dubbai suka gudu, wasu cikin kwalekwale da daddare. Aka horar da wasunsu, aka ba su kaki da bindiga. Ranar 24 ga Agusta, 1814, da sojojin Ingila suka shiga Washington suka cinna wa fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa wuta, akwai waɗannan tsoffin bayi a cikinsu. Shugaba James Madison kuwa ya riga ya bar gari.

An sa hannu a sulhu ranar 24 ga Disamba, 1814, a birnin Ghent na Turai. Amma labari sai ya bi jirgin iska, saboda haka makonni biyu bayan nan aka gwabza a New Orleans, Ingila ta sha mummunan kaye. Kuma ku ji abin takaici: daga baya Ingila ta biya sama da dala miliyan ɗaya diyyar bayin da suka gudu. Iyayen gijinsu aka biya fa, ba su ba.

Yanzu mu dawo gida. Wannan dabarar Ingila ba ta yar da ita ba. A 1863 a Legas, wani jami'in sojan ruwa, John Glover, ya haɗa rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. Daga nan sojan Najeriya na yau ke ƙirga asalinsa.

Shekara 40 bayan haka, a ƙarshen Janairu 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya ya nufo Kano. Turawan da ke tare da shi 'yan kaɗan ne. Sauran, mutum 700 da ɗoriya, baƙar fata ne irinmu, Hausawa da Yarbawa da sauransu. Garin da ya fara rufe musu ƙofa shi ne Bebeji, nan maƙwabtanmu. Suka saita igwa suka fasa ƙofar. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato.

Na san wani zai ce ai maciya amana ne. Ni dai ba na saurin faɗin haka. Wanda aka kama a hari aka sayar a kasuwa, amanar wa ke wuyansa? Kuma kada wani ya ɗauka Ingila tausayi ta ji. A 1814 ita kanta tana da bayi birjik a Jamaika, ba ta soke bautar ba sai a 1833. Sojoji take nema masu araha, ta kuma san inda ake samunsu: wajen mutanen da ƙasarsu ta wulaƙanta. Shi ya sa idan na ga matashi a Rano ko Kibiya ya gama makaranta shekara biyar babu aikin yi, babu mai tambayarsa, hankalina ke tashi. Masu neman wanda zai riƙe musu makami ba su ƙare ba, daga 'yan siyasa har na daji.

Su kuwa tsoffin bayin da suka yi wa Ingila yaƙi, a 1816 aka kai ɗaruruwansu tsibirin Trinidad aka yanka musu gonaki. Jikokinsu na can har yau, ana kiransu Merikins, wato 'yan Amurka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.