"Take off" ta bakin ɗan Tasawa

Malamai, mutanen Tasawa da ku da kuka taso daga Mayahi, maganata kan kalmomi biyu ce na Ingilishi, "take off", da yadda muke wahalar da yara a kansu.

Kun san abin da ake yi a kwalej. Malami ya rubuta su a allo, ya jera musu fassara da Faransanci, kowace ma'ana da tata kalmar: jirgi ya tashi, mutum ya tuɓe riga, ma'aikaci ya ɗauki hutu, sana'a ta bunƙasa. Yaro ya haddace, ya fita yana cewa Ingilishi ba ya da kan gado.

Alhali wannan yaron da "ci" ya tashi. Ya ci tuwo. Uwarsa ta ci kasuwa, yayansa ya ci jarrabawa, wani ya ci sarauta, wani ya ci amana, wani ya ci bashi. Ga kuma "sha": an sha rana, an sha wahala, an sha kashi. Ba wanda ya taɓa jera masa waɗannan a allo, kuma bai taɓa ruɗewa ba. A 2009 masana harshe Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna zaren da ya ɗinke su: "ci" na mai rinjaye ne, "sha" na wanda abu ya sauka a kansa. Ku je filin kokowa ku ji. Ɗaya ya ci, ɗaya ya sha kaye. Duk ɗan kallo ya san wannan nahawun ba tare da littafi ba.

To, "off" ma zare ɗaya gare shi, rabuwa. Jirgi ya rabu da ƙasa, riga ta rabu da jiki, ma'aikaci ya rabu da aiki kwana ɗaya. Sana'ar da ta bunƙasa kuwa aron tashin jirgi aka yi mata. Nan ne kawai za ku ja kunnen yaro, don in ya ce kasuwa ta tashi, mu a nan watsewa ta yi.

Sufetoci za su ce Hausa a aji tana gurɓata harshen da ake koyo. Faransancin da ake zubawa a darasin Ingilishi fa? Tun 1973 aka fara gwada karatu da Hausa a Damagaram, kuma kundin tsarin mulkin ƙasa na 2025 ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Abin da nake nema shi ne wanda na sha nema: minti goma na farkon darasin irin waɗannan kalmomi a yi su da Hausa. Yara su kawo "ci" guda goma daga gida, su nemo zaren da kansu, sannan a buɗe littafin.