JAWABIN KWAMITI A TARON BAYAN GIRBI: MAKAFINMU DA NA'URA MAI MAGANA



Maganar da kwamiti ya ɗauko yau ta makafin garinmu ce, musamman yara. Kowa ya san al'ada: yaro ya rasa ido, ko ƙyanda ta ci shi ko amodari, sai a ba shi sanda da ƙwarya, a haɗa shi da ƙanensa ɗan jagora, su tafi birni. Ba mu zo zargin kowa ba, rashin sani ne. Amma ku lura, gida guda ya yi hasarar ɗiya biyu ke nan, don shi ma jagoran ba zai ga ƙofar lakkol ba.

Akwai wata hanya, kuma ba sabuwa ba ce. A shekarar 1809 aka haifi wani yaro a ƙasar Faransa, sunansa Louis Braille. Ubansa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana da shekara 3 ya soke idonsa da basilla a rumfar uban, ciwon ya kama ɗayan idon, ya makance. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun da ake karantawa da yatsa, ɗigo 6 masu tudu a kan takarda, ana sassauya su su ba da kowane baƙi. Wannan rubutu shi ake koya wa yara a makarantar makafi ta Soli Abdurahman da ke Yamai. Ɗan baduku ne fa, irin namu na bakin kasuwa.

Sai dai rubutun ɗigo yana da wahala guda: mai ido bai iya karanta shi, kuma littafinsa nauyi gare shi da tsada. Nan ne kwamfuta ta shigo, wadda ƴan lakkol ke ce wa ordinater. Ana sa mata wata manhaja mai karanta duk abin da ke kan gilashi da murya. Makaho ya taɓa baƙi, ta faɗi sunan baƙin. Ya gama layi, ta karanta masa ya ji in da kuskure. Wasiƙa ta zo, ta karanta masa, ba sai ya kira wani ya ji asirinsa ba. Yadda yake gane wurin baƙaƙen kuwa, ku duba allon bugawa na kowace kwamfuta: a kan F da J akwai ɗan tudu. Nan yake aza manuniyar kowane hannu, sauran yatsu su bi, har hannu ya hardace wurin kowa. Wasunmu sun gani da idonsu a Yamai, saurayi makaho yana buga takarda, gilashin a kashe, ya fi magatakardanmu sauri nesa. Magatakarda ya yi haƙuri, gaskiya ce.

Za ku ce kuɗɗi. Gaskiya ne irin manhajar da ake kira JAWS ta saye ce, kuma da tsada. Amma a 2006 wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara wata mai suna NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Kyauta suka bar ta ga duniya, ko dala ba a biya. Ana ma iya zuba ta cikin ɗan makullin USB, mutum ya sa aljihu, duk kwamfuta mai Windows da ya samu ya soka ta yi magana. Wayoyin shafawa da kuke kawowa daga Abijan da Ikko su ma suna da tasu a ciki: TalkBack a na Android, VoiceOver a iPhone tun 2009. Kunna ta kawai ake yi.

Ga inda gizo ke saƙa, kuma nan muke son dattawa su saurara da kyau. Muryar nan Faransanci take karantawa, da Turanci, da Larabci. In ka ba muryar Faransanci rubutun Hausa, sai ta karanta shi kamar anasaran da ya kwana biyu a gari. Saboda haka na'ura ba ta maye gurbin lakkol. Yaron da bai san baƙi ba, ko an aza masa kwamfuta goma a gaba, banza ne. Sai ya fara da karatu da rubutun ɗigo, kana na'ura ta amfane shi. Uban da ya riƙe ɗansa a bara har ya shekara 15 ya rage masa hanya ƙwarai.

Mun san abin da ke cikin zukatan wasu iyaye: abin da yaron ke samowa da shi ake cefane. Ba mu raina wannan ba, shi ya sa muka kawo maganar gaban asusu. Kwamiti na roƙon a yarda a ware wani kashi na gudummawar bana don kuɗin mota da sutura na yaran da za su tafi, da ɗan hatsi ga gidan da ya saki ɗansa. Ƴan biɗa kuma, wanda ke da tsohuwar waya ko kwamfuta mai aiki, kada ya sayar wa ƴan gwangwan, ya kawo.

Mutum biyu daga cikinmu za su je Yamai su gana da Ƙungiyar Makafi ta Ƙasa, su ji sharuɗɗan ɗaukar yara. Kafin nan za mu je gaida sarkin makafi, don ba a yin wannan a bayan idonsa. Duk mai yaro makaho, namiji ko mace, ya ba magatakarda sunansa da shekarunsa kafin ranar kasuwa mai zuwa. Yanzu fili na maigari ne.