Waɗanda Aka Bari a Baya

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina masu koyar da tarihin gwagwarmayar Afirka ta Kudu a kan abu ɗaya. Idan suka zo kan labarin tserewa daga kurkuku, maci amana guda suka sani, wato wanda ya kai tsegumi ga hukuma. Za su kira sunan Bruno Mtolo, ɗan gwagwarmayar da ya koma shaidar gwamnati a shari'ar Rivonia, a la'ance shi, a wuce. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne akwai amanar da ke wuyan wanda ya fita, tsakaninsa da wanda ya buɗe masa ƙofa, kuma ita ce ba ma so mu duba.

Ba sai na maimaita muku yadda aka kai samame gonar Liliesleaf a Yulin 1963 ba, samamen da ya kai ga waccan shari'a. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Ranar 11 ga Agusta, mutum huɗu suka fice daga ofishin 'yan sanda na Marshall Square a Johannesburg: Arthur Goldreich, Harold Wolpe, Mosie Moolla da Abdulhay Jassat. Ba rami suka haƙa ba, ba katanga suka haura ba. Wani matashin mai gadi, Johan Greeff, ɗan shekara 18, shi ya bar musu hanya, bisa alkawarin za a ba shi fam 2,000. Goldreich da Wolpe suka yi shigar limaman coci, suka bi ta Suwazilan da Becuwanalan har Tanganyika, duniya ta yi ta tafi. Greeff fa? An kama shi, kuɗin ba su shiga hannunsa a lokacin ba, kotu ta yanke masa shekara 6. Yaron da ya yarda da maganar fursunoni shi ya koma fursuna.

Ba shi kaɗai ba ne. Da Wolpe ya kuɓuce musu, sai hukuma ta cafke James Kantor, ɗan'uwan matarsa kuma abokin aikinsa na lauya, ta jera shi cikin waɗanda ake tuhuma a Rivonia, inda ake fargabar hukuncin kisa. Alƙali ya sallame shi daga baya, amma aikinsa ya riga ya rushe, ya bar ƙasar. Ɗalibanmu nawa suka taɓa jin sunansa?

Za a ce mini Greeff ɗan gwamnatin wariyar launin fata ne, kwaɗayi ya kai shi, kuma an so a biya shi, kamun ne ya riga. To, na ji. Alkawari dai ba ya tambayar rigar da mutum ya sa kafin ya zama bashi.

Kuma an yi waɗanda suka san haka. A Disambar 1979 Tim Jenkin, Stephen Lee da Alex Moumbaris suka fita daga kurkukun Pretoria da makullan katako. Kowa makullan yake yabo. Ni Denis Goldberg nake dubawa, mai ɗaurin rai-da-rai, wanda ya tsaya yana ɗauke hankalin gandiroban dare alhali ya san ba da shi za a tafi ba. Sai 1985 aka sake shi. Da aka gurfanar da gandiroban, Saje Vermeulen, bisa zargin haɗa baki, Lee ya aiko da wasiƙa daga waje cewa mutumin ba shi da hannu, kotu kuma ta wanke shi. Lee mutum ne da ya samu 'yancinsa bai manta da wanda tafiyarsa ta jefa cikin masifa ba, ko da kuwa mai tsaronsa ne.

Don haka ina sake roƙon da na sha yi a gaban kwamitin manhaja. Duk kwas ɗin da zai koyar da Rivonia, ya ware darasi guda ga Greeff da Kantor. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan fursunonin siyasa, a nan gida ko a waje, a wajabta masa neman bakin gandirobobi da iyalan da aka bari, kafin mai duba aikinsa ya sa hannu.