Igiya, Ƙafa da Mita: Da Me Muke Auna Ƙasa?

 

Tambaya zan fara yi muku. Wanda ya sayi fili hamsin-hamsin, da wanda ya sayi ɗari-ɗari, nawa na farkon ya samu daga abin da na biyun ya samu? Na ji wasu sun ce rabi. To, rubu'i ne. Hamsin sau hamsin murabba'in ƙafa 2,500 ke nan, ɗari sau ɗari kuwa 10,000. An sha sa hannu a takardar ciniki da wannan kuskuren a ka.

In ana gardama kan ma'auni, sai ka ji an ce mita ta Bature ce, ƙafa da eka su ne namu na gargajiya. Ba haka ba ne. Ƙafar da dillali yake kira da ekar da manomi yake ambata duk Ingila ce ta kawo mana su. Asalin eka ma faɗin da shanun huɗa za su iya nomewa ne a yini guda, daga baya aka tsayar da ita a kan murabba'in ƙafa 43,560. Mita kuma a Faransa aka ƙirƙiro ta bayan juyin juya halin 1789. Namu na kakanni su ne taki da kamu da gaba, kuma shi manomi ba ya damuwa da faɗi sosai: ka tambaye shi girman gonarsa, zai gaya maka damin da take bayarwa. Ko Turawan mulki da suka so ɗora haraji a kan gonakin Kano, malaman taki suka tura suna takawa suna ƙirgawa.

Gwamnati dai ta daɗe da zaɓar nata. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da hekta take magana. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba mutum fiye da hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Safiyo ma da mita yake zana taswirarsa. Amma a unguwannin awon igiya ƙafa ce ke ci har gobe, don haka fili ɗaya yana da harshe biyu, kuma a tsakanin harsunan nan ne ake zaftare wa mutane haƙƙinsu. Fuloti hamsin da ɗari murabba'in mita 465 ne, kusan. Sai a ce ai mita 15 ne da 30, a rubuta 450. Abin da ya salwanta ya isa ɗaki guda, kuma ba wanda ya ga fitarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar kadada. Wani mai fassara a rediyo zai ce kadada yana nufin eka, wani kuma hekta yake nufi. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047. Wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Yanzu a ce malamin gona ya ba da shawarar buhunan takin da za a zuba wa kadada guda, manomi ya ɗauka ekarsa ake nufi. Ya ƙona shuka, ya ƙona kuɗi. Haka idan aka zo biyan diyyar gona.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram wannan bai dame su kamar mu ba, tunda da mita suka taso, fili ɗari uku ko ɗari huɗu kowa ya san me ake nufi.

Ba na cewa a hana dillali kiran hamsin da ɗari; bakin kasuwa ba ya bin doka. Roƙona a kan takarda ne. Iyayenmu masu unguwanni, ku ne shaidun ciniki, ku ake kira ranar rabon gado. Kafin ku sa hannu, ku sa a rubuta tsawon kowane ɓangare huɗu da mita, a rubuta jimillar murabba'in, a ambaci maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa. In an fitar da tumunin mai takaba, da tef za a fitar, domin igiya tana miƙewa in an ja ta da ƙarfi, kuma ba kasafai mai takabar ce ke riƙe da bakinta ba.