Garken da Ke Cikin Tumbi



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana fiɗa ya ga tumbin sa: ƙatuwar jaka mai ɗumi, bangonta kamar tawul, cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa mai wari. Mahauci kan zubar da abin ciki ya wanke tumbin. Abin da ya zubar ɗin nan shi ya raya san tun yana maraƙi, domin saniya ba ta da sinadarin da zai narkar da zaren ciyawa da kara. Masu yi mata aikin su ne ƙwayoyin bakteriya da wasu ƙananan halittu, kuma a cikin mililita ɗaya na ruwan tumbi akwai bakteriya sama da biliyan 10. Su ke ruɓar da ciyawar su fitar da wani ruwa mai tsami-tsami, wanda daga gare shi dabbar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Idan sun wuce gaba cikin hanji, su kansu sai su zama abincin da ke gina mata nama da nono.

Ke nan makiyayin da ya kora shanunsa zuwa kasuwar Subdu ta yankin Gure garke biyu yake korawa: wanda yake ƙirgawa da sandarsa, da wanda ido ba ya gani.

Iskar da muke shaƙa tana kashe yawancin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa masana suka daɗe ba su iya raya su a ɗakin bincike ba. Sai a 1950 Robert Hungate na Amurka ya bayyana dabarar tsare su a kwalba marar iska. A 2015 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da ya tara samfuri 742 daga nau'in dabbobi 32 a ƙasashe 35, har da raƙuma. An tarar manyan dangogin ƙwayoyin kusan iri ɗaya ne ko'ina, kuma abin da dabba ke ci ya fi jinsinta tasiri wajen tsara su.

Wannan magana ta abinci ita ce ta shafi gidajenmu kai tsaye. A ɗauki ragon layya da uwar gida ta turke wata huɗu tana ba shi harawa da dusa. Wata rana ya tsinke igiya ya faɗa buhun gero, ya ci ya ƙoshi. Kafin gari ya waye ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura ta hagu, ga zawo, yana tangaɗi. Geron ba shi da dafi. Abin da ya faru shi ne, wasu ƙwayoyi masu son hatsi sun samu abinci ba iyaka, suka hayayyafa cikin 'yan sa'o'i, suka cika tumbin da tsami mai ƙarfi har masu narkar da ciyawa suka mutu. Ƙwayoyin tumbi na bukatar mako biyu zuwa uku kafin su saba da sabon abinci, don haka hatsi da dusa da kaɗan-kaɗan ake ƙara su.

Ita kuma dabbar tana da nata kariya. Babbar saniya kan haɗiye miyau fiye da lita 100 a yini, kuma miyan nan yana ɗauke da sinadarin da ke kashe tsami, irin wanda ke cikin kanwa. Ƙasar Muniyo da Manga ta shahara da kanwa da mangul tun zamanin fatake, kuma makiyayan nan sun daɗe suna jiƙa wa dabbobi kanwa. Manyan gonakin madara na Turai har yau suna zuba tataccen sinadarin nan a abincin shanu, da awo. Kakanninmu sun cancanci yabo a kan wannan, sai dai awon shi ma wajibi ne, domin kanwa in ta yi yawa cutarwa take yi.

Ana ma iya dashen ƙwayoyin. Shanun Ostareliya sun yi ta ciwo saboda ganyen wata bishiyar kiwo mai suna lukena, alhali awakin tsibiran Hawai suna cinta lafiya lau. Wani masani mai suna Raymond Jones ya gano sirrin yana cikin tumbin awakin. A farkon shekarun 1980 aka kai ƙwayoyin Ostareliya aka ɗura wa dabbobi, ciwon ya kau. Likitocin dabbobi kan yi irin haka ga saniyar da tumbinta ya mutu, su ɗebo ruwan tumbin mai lafiya su ba ta.

A wajen cikin dabba ma haka duniyar take. A tafkunan kanwa na Kanem, a Chadi, wata koriyar bakteriya ke rayuwa inda yawancin halittu ba sa iyawa, matan Kanembu suna tace ta su shanya su yi miya. A saiwar wake da gyaɗa da gawo akwai ƙwayoyin da ke kamo sinadarin taki daga iska su ajiye a ƙasa, yana daga cikin dalilan da gero ke kyau a gindin gawo.

Abin da ya fi tayar da hankali yau shi ne maganin da ake shimfiɗawa a rana cikin kasuwannin dabbobi, mai saye ya ɗura wa akuya ba awo ba shawara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. Idan ya bi ta baki, masu narkar da abinci yake fara tararwa. Waɗanda suka tsira kuma sukan zama ba sa jin magani, su fita ta kashi su shiga ruwa da nono. An ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai.

Saboda haka, iyaye mata masu turka, a sauya wa rago abinci sannu a hankali, a kuma ɗaure bakin buhu. Makiyaya, idan dabba ta daina tuƙa, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi kafin a nufi mai tallar magani.