Zaizayewar Ƙashi a Gidajenmu

A Rafin Guza idan tsohuwa ta zame a tsakar gida ta karye a ƙugu ko wuyan hannu, mai ɗori ake kira. Amma wa ke tambayar yadda 'yar faɗuwa ta karya ta? Sau da yawa zaizayewar ƙashi ce. Takan kama mata bayan al'ada ta ɗauke, ba zafi ba kumburi, sai dai ka ga Iya ta ranƙwafa, tsawonta ya ragu.

Na'urar DXA ce ke auna ƙarfin ƙashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin cutar a 1994: sakamakon awon na'urar ya kasance -2.5 zuwa ƙasa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya kama ta sai ta yi nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne dexamethasone da 'yan matanmu ke saye a kemis don su yi ƙiba. Wallahi ƙashinsu yake ci tun da ƙuruciya.

Ita kuwa Iya, a kai ta Asibitin Barau Dikko. In an rubuta mata alendronate, ta sha kafin karin kumallo da kofin ruwa cike, kada ta kwanta sai bayan minti 30. A riƙa ba ta kindirmo da miyar kuka, tana kuma shan hantsi.